Na'urar auna zafin waje: Ƙaramar matsalar da ke jawo wa masu mota asarar kuɗin gas

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin bazara ke kaiwa digiri 40 a ma'aunin Salshiyas a sassan Jihar Kano, babu abin da mai mota ke lallaɓawa kamar na'urar sanyaya mota, wato esi. Da zarar ta daina ba da sanyi, hukuncin da aka saba yankewa a gareji shi ne gas ya ƙare. Sai a ƙara gas, a biya kuɗi, amma iska mai ɗumi ta ci gaba da fitowa kamar ba a yi komai ba.

A wasu lokutan gas ɗin yana nan cike, kwamfuresa ma lafiyarta ƙalau. Abin da ya samu matsala wata 'yar na'ura ce da girmanta bai wuce kan ɗan yatsa ba, wadda aikinta shi ne auna zafin iskar da ke wajen mota. Kanikawa suna kiranta sensa, kuma ita ce ke samar da lambar da direba yake gani a dashbod, mai nuna digiri nawa gari yake ciki. Masu mota da dama sun ɗauki wannan lamba a matsayin ado, alhali a motocin zamani da yawa tana cikin abubuwan da ake dubawa kafin a bar kwamfuresa ta tashi.

Sanin yadda ake gane laifinta yana da amfani musamman ga mazauna ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, inda yanayin hanya ke saurin lalata ta, kuma zuwa birnin Kano neman gyara ke cin wuni guda.

Yadda take aiki

A cikin sensar akwai wani ɗan ƙwaya da ke sauya halinsa gwargwadon zafi. Idan gari ya yi sanyi, yakan ƙara turjiya ga wutar lantarki, wato ya hana ta wucewa cikin sauƙi. Idan gari ya yi zafi sai turjiyar ta ragu, wutar ta samu hanya. Masanin kimiyyar nan na Ingila, Michael Faraday, shi ne ya fara lura da irin wannan hali a jikin wani sinadari a shekarar 1833, kuma a kan wannan ka'ida ake ƙera yawancin na'urorin auna zafi na mota har yau.

Wayoyi biyu ne kawai suke shiga sensar. Kwamfutar mota takan tura wuta mai ƙarfin bolt 5 ta waya ɗaya, ɗayar kuma ta zama hanyar komawa. Daga yawan wutar da ta rage a kan layin ne kwamfutar take lissafa zafin gari. Ke nan ba ta ganin rana, ba ta jin iska. Abin da wayoyin nan biyu suka faɗa mata shi take ɗauka gaskiya.

A nan matsalar take. Idan waya ta tsinke ko soket ya cire, turjiyar takan kai matuƙa, sai kwamfutar ta fassara hakan da sanyi mafi tsanani. Shi ya sa motoci da yawa suke nuna digiri 40 ƙasa da sifili a tsakiyar rana a Tudun Wada. Kamfanonin ƙera motoci kuwa sun tsara cewa kada kwamfuresa ta yi aiki idan zafin waje ya sauko kusa da sifili, don kada ƙanƙara ta daskare a cikin na'urar sanyin ko kwamfuresar ta lalace. Saboda haka motar da aka yaudara ta zaci tana cikin hunturun Turai za ta kashe esi, ko da kuwa fasinjoji suna sharɓar gumi.

Idan kuma wayoyin biyu suka goge suka haɗu, ko wayar da ke ɗauke da saƙon ta taɓa ƙarfen mota, sai labari ya juya. Dashbod ya nuna zafin da ya wuce hankali, ko ya nuna 'yan layuka babu lamba. A motocin da ke da maɓallin AUTO, hakan kan sa fanka ta riƙa hurawa da ƙarfi ba tare da dalili ba.

Ba kowace mota ce ke yin haka ba. Tsofaffin motoci masu esi na murɗawa da hannu, wasu ba su da wannan sensa gaba ɗaya, wasu kuma suna da ɗan makunni ne kawai da ke yanke wuta idan sanyi ya yi yawa. Matsalar ta fi shafar motocin da ke nuna zafin gari a dashbod.

Inda take, da abin da ake rikita ta da shi

A yawancin motocin Toyota da Honda da Volkswagen, sensar tana maƙale ne a gaban mota, bayan bamba ko bayan ragar da iska ke shiga, gaba da lagireto. A motocin Peugeot irin su 406 da 307 kuwa, tana ƙarƙashin madubin gefe, inda ake ganin ɗan kanta ya leƙo kamar ƙurji. An zaɓi waɗannan wurare ne don iskar waje ta riƙa dukanta kai-tsaye, nesa da zafin inji.

Akwai wasu sensoshi biyu da ake yawan rikita ta da su. Ta farko ita ce mai auna zafin ruwan inji, wadda ke ɗaure a jikin injin, kuma ita ce ke da alaƙa da allurar zafi da tashin fankar lagireto. Ta biyu ita ce mai auna zafin iskar da inji ke shaƙa, wadda ke kan bututun iska kusa da matata. Waɗannan biyun ne suka fi tasiri a kan shan mai da lafiyar inji. Wanda ya je kasuwa ya ce a ba shi sensar zafi kawai, ba tare da fayyace wacce ba, yana iya komawa gida da abin da ba zai yi masa amfani ba.

Abin da ke lalata ta a kudancin Kano

Babbar hanyar yankin ta rabu ne da titin Kano zuwa Zariya a Kwanar Dangora da ke Ƙaramar Hukumar Kiru, ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa, sannan ta nufi Saminaka da Jos. Daga jikinta ne hanyoyin ƙauyuka suke ɓallewa zuwa gonaki da kasuwanni, har zuwa duwatsun Riruwai. A ɓangaren Bebeji kuma akwai hanyoyin da ke zagaye da madatsar ruwa ta Tiga. Da yawa daga cikin ƙananan hanyoyin nan na ƙasa ne, kuma sensar da ke ƙasan bamba ita ce ta farko da ke karo da duk abin da ke kansu.

Da damina, yankin ya fi arewacin jihar samun ruwan sama. Motar da ta ratsa kududdufi ko rafi takan kwaso ruwa da taɓo a cikin soket. Ruwan kan haɗa bakin wayoyin biyu na ɗan lokaci, sai dashbod ya nuna zafin da ya wuce na gaskiya. Bayan ya bushe sai ya bar tsatsa mai launin kore ko fari. Ita kuma tsatsa ƙara turjiya take yi, don haka sai motar ta riƙa nuna sanyin da babu shi. Wannan laifin ya fi wuyar ganewa, domin lambar ba ta haukacewa lokaci guda. A hankali take sauka, yau ta rage digiri biyar, bayan wata biyu ta rage goma sha biyar.

Da kaka, motocin da ke jigilar masara daga Doguwa ko shinkafa daga Tudun Wada sukan kwana kusa da rumbuna da ɗakunan ajiyar hatsi. Ɓeraye suna son ɗumin inji, kuma siraran wayoyi irin na sensa ba sa yi musu wuyar gutsura. Da hunturu kuma ƙura kan haɗu da maiƙo ta lulluɓe kan sensar, sai ta riƙa jinkirin gane sauyin yanayi.

Sai kuma hannun ɗan Adam. Bayan ƙaramin haɗari, idan mai gyaran jikin mota ya cire bamba ya mayar, sau da yawa yakan manta da soket ɗin a cire, ko ya ɗaure sensar da waya a jikin lagireto don kada ta yi lilo. Sensar da aka jingina da lagireto zafin inji za ta riƙa aunawa. Haka nan masu wankin mota da injin feshi mai ƙarfi suna iya cusa ruwa cikin soket ko su tsinka wayar.

Abubuwan da ba laifi ba ne

Kafin a kwance komai, ya kamata a tabbatar akwai laifin. Motocin da aka shigo da su daga Amurka suna nuna zafi ne a ma'aunin Faranhait. Idan irin wannan mota ta nuna 104 a watan Afrilu, gaskiya ta faɗa, domin daidai yake da digiri 40 a Salshiyas. Lissafin shi ne a cire 32 daga lambar, a ninka abin da ya rage sau 5, a raba gida 9. Ta haka 95 ya zama 35, shi kuma 59 ya zama 15. A motoci da yawa ana iya sauya ma'aunin daga maɓallan dashbod.

Haka kuma, motar da ta daɗe a tsaye a rana a tasha, ko take tafiyar hawainiya a cunkoson ranar kasuwa, za ta nuna zafin da ya ɗara na gari, saboda hucin kwalta da na inji. Masu ƙera motoci sun san da haka, shi ya sa suka tsara lambar ta riƙa jinkirin hawa har sai mota ta ɗauki gudu na 'yan mintuna. Bambancin digiri biyu ko uku da abin da wayar salula ko Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, ta sanar ba abin damuwa ba ne. Wasu motocin Honda ma suna ba direba damar gyara lambar da kansa da digiri uku sama ko ƙasa.

Alamar da ba ta da uzuri ita ce hoton ƙanƙara. Motocin Turai sukan kunna shi idan zafi ya sauko zuwa digiri 3 ko 4, don gargaɗin santsi a kan titi. Sanyin asuba na hunturu a Riruwai ko bakin ruwan Tiga yana ratsa ƙashi, amma idan wannan hoto ya bayyana da rana tsaka, to sensa ce ko wayarta.

Matakan bincike

Mataki na farko na ido ne, kuma ba ya buƙatar ko sisi. A ajiye motar a inuwa ta kwana, da safe a murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, a karanta lambar, a kwatanta da zafin gari. Idan tazarar ta yi yawa, a leƙa bayan bamba a duba ko sensar tana mazauninta, ko soket ɗin yana ciki, ko akwai wayar da ta tsinke ko ta goge. Laifuffuka da dama a nan suke ƙarewa.

Mataki na biyu shi ne a zare soket a duba bakinsa. Idan akwai tsatsa ko laka, a wanke da ruwan feshi na goge kayan lantarki, a bari ya bushe, a mayar. Ba a amfani da fetur ko man birki, domin suna cin roba.

Mataki na uku yana buƙatar mita, irin wadda masu wayarin ɗin mota da masu gyaran rediyo suke amfani da ita. Bayan an zare sensar, a saita mitar a kan awon turjiya, a ɗora bakinta biyu a kan ƙafafun sensar. Adadin da za a gani ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. A motocin Toyota da yawa yakan kai kusan om 1,700 idan zafi yana digiri 25, a wasu kamfanonin kuma yana kaiwa om 10,000. Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne motsinsa. Idan aka dumtse kan sensar a tafin hannu da sanyin safiya, ko aka kusantar da ita ga kofin shayi mai zafi, lambar ta riƙa sauka a hankali. Idan aka ɗora kanta a kan ƙanƙara, ta riƙa hawa. Sensar da lambarta ta tsaya cak, ko take tsalle-tsalle, ko mitar ta nuna babu hanya sam, ta mutu. Ba a gwada ta da ashana ko wutar laita, don robar za ta narke.

Mataki na huɗu na waya ne. Idan sensar ta ci jarrabawa, a murɗa makulli, a mayar da mitar kan awon ƙarfin wuta, a auna bakin soket ɗin da ke jikin mota. Ya kamata a samu kusan bolt 5. Idan babu komai, to waya ta tsinke a wani wuri tsakanin bamba da kwamfuta. Idan laifin mai zuwa ne yana tafiya, sai mutum ɗaya ya riƙa girgiza wayar gaɓa-gaɓa, wani yana kallon mitar. Inda lambar ta yi tsalle, nan ciwon yake.

Mataki na biyar shi ne na'urar binciken kwamfuta, wadda ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari. Dokar Amurka ta wajabta wannan soket a motocin da aka sayar a can tun daga 1996, Tarayyar Turai kuma ta bi sahu a motocin fetur daga 2001, don haka yawancin motocin Kwatano suna da shi. Lambobin da suka shafi wannan sensa su ne P0070 zuwa P0074. P0072 tana nufin wutar layin ta yi ƙasa, wato alamar wayoyi sun haɗu. P0073 tana nufin ta yi sama, wato alamar tsinkewa ko cirewar soket. P0074 kuma laifi ne mai zuwa yana ɓacewa. A motocin Toyota, sashen esi yana da tasa lambar, B1412. Sai dai a lura cewa waɗannan lambobi layin gaba ɗaya suke zargi. Ba su ce lallai sensar ce ta mutu ba, don haka ba sa maye gurbin awon mita.

Gas ne ko sensa?

Dalilin da ya sa ake rikita laifuffukan biyu shi ne alamarsu ɗaya ce. Idan gas ya yi ƙasa sosai, akwai makunnin da ke hana kwamfuresa tashi don kada ta ƙone. Idan sensa ta yi ƙaryar sanyi, kwamfuta ce ke hana ta tashi. A duka biyun direba zai danna maɓalli, ya ji shiru.

Abin da ke raba gardama shi ne agogon awon gas. Mai gyaran esi na ƙwarai yakan ɗaura shi ya karanta kafin ya buɗe gwangwani. Idan agogon ya nuna gas yana nan, dashbod kuma yana nuna lambar da ba ta dace da gari ba, babu dalilin ƙara ko ɗigo. Kowace mota tana da adadin gas da aka ƙayyade mata, yawanci nau'in R134a, kuma an rubuta shi a takardar da ke liƙe a ƙarƙashin bonet. Cusa fiye da hakan yana ƙara wa kwamfuresa nauyi, yana rage sanyi, kuma yana iya kashe ta. Kwamfuresa kuwa tana cikin kayan esi mafi tsada, ta ninka kuɗin sensa sau da yawa.

Akwai wata dabara da ta fi ƙarin gas haɗari, wato jan waya kai-tsaye daga batir zuwa kwamfuresa don tilasta mata aiki. Sanyi zai dawo nan take, amma an tsallake duk matakan kariyar da aka tanadar mata, har da wanda ke kashe ta idan gas ya zube ko matsinsa ya yi yawa.

Gyara mai ɗorewa

Idan waya ce ta tsinke, a haɗa ta da dalma, a rufe da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi. Murɗa wayoyi biyu a naɗe da salatif ba ya wuce damina ɗaya, kuma a layin da ake auna turjiya, haɗin da bai kama ba shi kansa ƙaryar sanyi yake haifarwa. Idan soket ya ruɓe, a yanke shi a sa wani.

Idan sensar ce, a tafi da tsohuwar kasuwa, ko a rubuta lambar da ke jikinta. A kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano ana samun sababbi da na hannu. Sensoshi biyu suna iya zama kamar tagwaye a ido, su shiga soket ɗaya, amma turjiyarsu ta bambanta, sai motar ta riƙa nuna lambar da ba daidai ba har abada. Wanda zai sayi ta hannu, ya nemi a auna masa ita da mita a gabansa. Ga mutumin da ya taso daga Doguwa, tafiyar da ta haura kilomita 100, wannan awo na minti biyu shi ne zai hana shi dawowa karo na biyu.

Wajen ɗaurawa, a mayar da ita ainihin mazauninta, kanta yana fuskantar iska, ba ta taɓa lagireto ko wani ƙarfe mai zafi. A ɗaure wayar yadda ba za ta yi lilo ba. Wasu masu gyara sukan soka ɗan abin turjiya na rediyo a cikin soket don kwamfuta ta riƙa ganin lamba ɗaya kullum. Hakan yana iya fitar da matafiyi daga daji, amma ba gyara ba ne, domin esi mai sarrafa kansa zai riƙa aiki da lissafin bogi rani da damina.

Bayan an gama, kada a yi mamaki idan lambar ba ta gyaru nan take ba. Motoci da yawa sai an yi tafiyar mintuna da ɗan gudu kafin su karɓi sabon awon, wasu kuma sai sun huce na sa'o'i. Idan akwai na'urar bincike, a goge tsohuwar lambar laifin. Cire kan batir ma yana yi a wasu motoci, sai dai yana iya kulle rediyon da ke buƙatar lambar sirri.

Abin da ya wuce jin daɗi

Esi yana da aikin da ya wuce sanyaya jiki. Shi ne ke tsotse laimar da ke cikin mota, ya hana gilashin gaba yin hazo idan ana ruwa kuma tagogi suna rufe. Direban da ruwan Agusta ya tare a tsakiyar dajin Falgore, inda ba kowa ke son tsayawa ba, yana buƙatar kwamfuresarsa ta tashi don ya ga gabansa. Haka ma wanda ya ɗauko mara lafiya ko jariri daga ƙauye zuwa asibiti a zafin Afrilu.

Don haka duba sensar ya cancanci shiga cikin shirin da ake yi wa mota sau biyu a shekara: a ƙarshen damina, lokacin da tsatsa ke fara cin soket, da kuma watan Fabrairu kafin bazara ta kankama. Mai motar da esi ɗinsa ya ɗauke kuma, kafin ya amince a buɗe gwangwanin gas, ya fara duba lambar da ke dashbod, sannan ya nemi a ɗaura agogon awo a gabansa.